Filin Tambaya da Amsa: Babbar Jif ta Alfarma, Za Ta Ɗauki Iyali Kuwa?

Tambaya, daga wani magidanci a Kano: Assalamu alaikum. Mu takwas ne: ni, maiɗakina, yara biyar da mahaifiyata. Mukan je Abuja, mukan kuma je ƙauye da salla, kuma hanyar ƙauyen ba kwalta. Ina tsakanin Lexus LX 570 da Cadillac Escalade. Wacce za ta fi mana?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafin a kai ga wacce ta fi, ka fara da abin da dillali ba zai nuna maka ba, wato layin kujeru na uku da abin da ya rage a bayansa.

LX 570 kujera takwas ce a takarda. Amma ƙirar Land Cruiser ce, a kan shasi take zaune, ga aksul ɗin baya guda ɗaya miƙaƙƙe, ga safaya a ƙarƙashi. Waɗannan sun tura daɓen baya sama, sai wanda ya zauna a layi na uku ya ga gwiwarsa ta kusa ƙirjinsa. Ɗan shekara takwas zai kai Abuja lafiya, saurayi ɗan sha shida kuwa kafin Zariya ya fara mita. In an sauke kujerun domin a zauna, but ɗin da ya rage bai wuce na ƙananan jakunkuna biyu ko uku ba. In an naɗe su kuma ba cikin daɓe suke shigewa ba, jikin bangon motar suke maƙalewa dama da hagu, su cinye faɗin wurin kaya, su tare gilashin gefe.

Sai maganar nauyi. Motar ita kaɗai ta kai kilo 2,700, abin da aka yarje a ɗora mata, mutane da kaya gaba ɗaya, bai cika kilo 600 ba a yawancinsu. Buɗe ƙofar direba, za ka ga adadin a wata takarda da aka manna a jikin ginshiƙi. Manya uku da yara biyar sun cinye kilo 400 ko fiye. Ka ƙara buhun shinkafa biyu da akwatuna, ka zo bakin iyaka. Masu ɗaure sauran kayan a kan rufi suna ƙara wa mota mai tsayi nauyi a ka, kuma irin wannan ce ke kifewa idan aka kauce wa rami ko akuya da gudu.

Escalade ta fi ta sarari, amma ka lura da shekara. Daga samfurin 2021 ne aka raba ƙafafun baya kowace da ’yancinta, daɓen ya sauka, babban mutum ya iya zama a layi na uku. Na 2015 zuwa 2020 matsinsu ɗaya da Lexus, sai dai in doguwar ce, ESV. Ita ESV ta yanzu tsawonta ya kusa mita 5.8, alhali LX 570 mita 5 ce da ɗan ɗoriya. Ɗauki tef ka auna garejinka da kwanar lungunku kafin ka yi sha’awarta. A hanyar ƙauye da damina kuma Lexus ce gaba: ƙafafunta huɗu ke ja koyaushe, tana da giyar ƙarfi ta yashi da laka, kuma makanikai da kayan gyaranta sun fi samuwa a Arewa nesa ba kusa ba.

Game da Hajiya Babba, LX 570 na da maɓallin tsayi mai L (ƙasa), N (daidai) da H (sama). A sa motar a L kafin Hajiya ta hau, a ba ta gefen layi na biyu inda akwai mariƙi.

Ra’ayinmu: idan tafiyar mutum takwas sau uku ko huɗu ce a shekara, ɗauki Lexus, kaya su bi wata mota. Idan kowane mako ce, kuma kwalta ta fi yawa, Toyota Sienna za ta fi hutar da iyalinka, ga ƙofa mai zugewa ga rami mai zurfi na kaya a baya, ko da yake ƙasa take kuma ba ta da kwarjinin jif a wurin ɗaurin aure. Ranar da za ka je gwaji, ka tafi da kowa da akwatunan da kuka saba ɗauka, a zauna, a rufe but.

Tambaya, daga wata uwa a Kaduna: Maigidana ya ce tunda motar babba ce ba sai an saya wa yara kujerar mota ba. Ina da jaririya ’yar wata takwas da yaro ɗan shekara huɗu.

Amsa: Hajiya, girman mota yana taimako idan ta yi karo da ƙaramar mota, amma ba ya riƙe wanda ba a ɗaure ba. A karo na gudun kilomita 50 kacal, jaririya mai kilo takwas tana fizgewa da ƙarfin da ya ninka nauyinta sau da dama, babu hannun uwar da zai riƙe ta. Manyan jif kuma sun fi ƙananan motoci saurin kifewa, a nan ne wanda ba shi da bel yake fita ta taga.

Jaririyar kujera mai kallon baya take buƙata, a layi na biyu. Kada a taɓa sa irin wannan kujera a gaba, domin jakar iska na fashewa daidai inda kanta yake. Ki cusa hannu tsakanin mazauni da majinginin kujerun gefe na layi na biyu, za ki taɓa ƙarafa biyu ƙanana, su ake kira ISOFIX, ko LATCH a motocin Amurka. Nan ake maƙala kujerar. Bayan an ɗaure, ki kama ta daga gindi ki jijjiga. In ta motsa fiye da santimita biyu da rabi, ba ta ɗauru ba. Ɗan shekara huɗu kujera mai kallon gaba ce tasa, mai ɗamara biyar, kuma a ɗaure igiyar samanta a ƙugiyar da ke bayan kujerar mota. Wani abin lura: in kujerun yara biyu suka kama gefen dama da na hagu na layi na biyu, ba za a iya kwantar da kujera a wuce layi na uku ba, sai a sake tsarin zama.

Haɗarin da aka fi mantawa da shi a cikin gida yake. Direban babbar jif ba ya ganin yaro mai rarrafe a bayanta ko a gaban bonet, kyamara kuma ƙura na rufe ta. A ƙirga yara kafin a tayar da mota.

Tambaya, daga wani ɗan kasuwa a Katsina: An kawo min LX 570, an ce ’yar 2018 ce, kuɗinta kuma ƙasa da na kasuwa sosai. Me zan duba?

Amsa: Malam, araha ba ta ado. Abu na farko da muke zargi shi ne sauyin fuska. An ƙera LX 570 daga samfurin 2008 zuwa 2021 a kan shasi ɗaya, don haka ana ɗaukar ’yar 2010 a sa mata bamba, fitilu da bonet na sabuwa, wani lokaci har da dashbod. Ba laifi ba ne in an faɗa maka, laifin shi ne a karɓi kuɗin sabuwa.

Lambar shasi mai harafi 17 ce alƙali. A motocin da aka yi wa kasuwar Amurka, harafi na goma shi ne shekara: A 2010, D 2013, G 2016, J 2018, M 2021. Ka gwada ta ƙasan gilashin gaba da ta jikin ƙofa da wadda aka buga a shasi da ta takardun kwastan, duk su zama ɗaya. Sannan ka tuƙa, ka mayar da giya ɓangaren hannu ka ƙirga: daga 2016 giya takwas ce, kafin nan shida. Fuska na sauyuwa, giya ba a cika wahalar sauya ta ba. Ka biya a ciro maka tarihinta a Carfax, shafin da ke ajiye tarihin motocin Amurka, domin da yawa daga motocin gwanjon Amurka na haɗari ne ko na ambaliya. Ɗaga kafet, zaro bel har ƙarshe, leƙa ƙarƙashin kujeru: laka busasshiya, tsatsa a kusoshi ko warin rima alamar ruwa ne, kuma motar da ta sha ruwa ba ta gama ciwon wayarin.

Injin, V8 mai lita 5.7 da ƙarfin doki 383, yana cikin masu jimiri, taimin ɗinsa na sarƙa ne ba na bel ba. Amma yana da wurare huɗu da aka san shi da su. Kan lagireto na roba ne, yana tsagewa a sama, kusa da inda aka buga lamba. Nemi siririn layi ko fari-farin gishiri. Famfon ruwa yana tsiyaya, za ka ga ɓawon ruwan hoda a gaban inji. Akwai kuma wani faranti a kwarin da ke tsakanin kawunan injin biyu, wanda gam ne ya riƙe shi ba gasket ba. In ya saki, ruwa na gangarawa ta baya ya bushe a jikin giya, don haka sai an shiga ƙarƙashi da tocila. Na huɗu, baƙin mai na tsatsafowa ta gefen kan inji ya ɗiga a kan salansa, ka ji ƙauri bayan tafiya. Gam ɗin gyaran ba tsada, aikin ne babba, sai an kwance gaban inji da sarƙoƙi. Injin da aka wanke tas ranar da za ka zo, ka ce za ka dawo jibi.

Sai ƙafa. LX 570 ba shokozoba irin na kowa take da shi ba, wani mai na musamman ake turawa da famfo zuwa kowace ƙafa, tare da wasu ƙwallaye masu gas da ke shanye gargada. Tsarin ana kiransa AHC. A fili mai daidai, inji na aiki, ƙofofi a rufe, ka sa ta L, ka kai N, ka kai H, ka dawo. Ta tashi ba tare da jinkiri ko karkata ba, fitilar kuma kada ta tsaya tana ƙiftawa. In tana tsalle kamar doki a kan ƙananan ramuka, gas ɗin ƙwallayen ya ƙare. Leƙa bututun da ke bin shasi, domin a motocin jihohin Amurka masu ƙanƙara, gishirin da ake zubawa a hanya na cinye su. Ka tambaya ko an taɓa ƙara mata mai, da wane iri. Wanda ya zuba man birki ko man giya ya lalata robobin ciki duka.

A ƙarshe a jona kwamfuta bayan an yi tafiyar minti ashirin, ba kafin ba, saboda ana goge laifi da safe ya dawo da rana. Kunna esin baya shi kaɗai ka ji. Karanta lambobi huɗu na ƙarshe a gefen taya: 2319 na nufin mako na 23 a 2019, kuma tayar da ta haura shekara shida a zafinmu ka sa kuɗin sauya ta cikin ciniki.

Tambaya, daga wani ma’aikaci a Abuja: Nawa riƙon irin wannan mota zai ci?

Amsa: Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, wannan ce tambayar da ta kamata a fara yi. Awon hukumar muhalli ta Amurka ga LX 570 samfurin 2016 ya kama kimanin lita 18 a kilomita 100 cikin gari, lita 13 a babbar hanya. A cunkoso da esi, ka yi lissafin 20 zuwa sama. Abuja zuwa Kano kimanin kilomita 430 ne, da iyali da kaya ka ware lita 65, zuwa da dawowa 130, tankin ’yar Amurka kuma lita 93 ne. Kai yara makaranta da zuwa ofis, kilomita 40 a rana, lita 8 ke nan kullum. Ninka da farashin yau.

Sabis na cin baƙin mai lita bakwai da rabi, irin wanda aka rubuta a murfin zubawa. Kada a wuce kilomita 8,000, da hunturu ma 5,000, a kuma duba matatar iska. Ruwan lagireto mai launin hoda na Toyota za a zuba, ba ruwan famfo ba, kuma kada ka yarda a cire maka tamostat, abin da ke daidaita zafin inji, da sunan ƙasarmu da zafi. Inji zai daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ya ƙara shan mai. Man AHC ana sauya shi wajen kilomita 96,000. Tayar rim 21 da ke kan wasu na 2016 zuwa sama tsada gare ta, gefenta gajere ne, rami na fasa ta. Mai bin hanyar ƙauye rim 18 irin na Land Cruiser ya fi masa.

Tambaya, daga wani mai karatu a Maraɗi: Ba gara sabuwar LX 600 ba?

Amsa: Ta gyara abu ɗaya da iyali ke so: layi na uku yana shigewa cikin daɓe. Amma mutum bakwai take ɗauka, akwai ma mai kujera huɗu kacal ta manyan baƙi, sai a duba kafin a biya. Injinta V6 ne mai tabo (turbo) biyu, ƙarfin doki 409, giya goma, kuma ba ya yafe jabun baƙin mai. A 2024 Toyota ta yi kiranyen motoci kusan 102,000 a Amurka, Tundra da LX 600 na 2022 da 2023, saboda ɓarɓashin ƙarfe da ya rage cikin inji tun daga masana’anta, maganin kuma sauya injin ne gaba ɗaya. Escalade ma ba ta tsira ba: a Afrilun 2025 kamfanin GM mai ƙera ta ya kira kusan motoci 600,000 masu inji lita 6.2, na 2021 zuwa 2024. Duk wadda ka samu daga cikinsu, sa lambar shasinta a shafin hukumar NHTSA mai kula da kiyaye haɗurran mota a Amurka, kyauta ne, zai nuna ko akwai kiranyen da ba a yi aikinsa ba. In akwai, ka nemi dillali ya rubuta maka wanda zai biya kuɗin injin tun kafin motar ta bar hannunsa.