'Yata ta fara ƙirgar dangi, ni kuma nauyinta nake ji

Tambaya: Salamu alaikum Sista, daga Rigasa nake. 'Yata ta fari shekararta 10, na lura ta fara ƙirgar dangi har hijabi take sawa a tsakar gida. Ina so in mata maganar al'ada amma wallahi nauyinta nake ji, ko sunanta bana iya faɗa. Bai yi wuri ba kuwa? Ta ina zan fara?

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Ko kaɗan bai yi wuri ba. 'Ya mace tana fara sauyin balaga tsakanin shekara 8 zuwa 13, namiji 9 zuwa 14, kuma daga ƙirgar dangi zuwa ganin jinin farko yawanci shekara 2 ne zuwa 3, kinga kenan yanzu ne lokacinki. Da a ce kafin ta kai 8 ta fara, ko ta kai 15 ba ta ga jini ba, shi ne zan ce ki kai ta asibiti.

Kunyar 'yar fari kam na santa, nima da ita aka raine ni. Amma a wajen aiki na taɓa ganin yarinya da ta kwana uku tana tusa tsumma tana wankewa da dare a ɓoye, ita duk zatonta ciwo ne ya kama ta, kuma in ta faɗa duka za ta sha, har yau in na tuna fuskarta sai zuciyata ta karye. Nana A'isha ma yabon matan Ansar ta yi saboda kunya ba ta hana su neman sanin addini ba.

Ba sai kin zaunar da ita kamar za a yi shari'a ba. Kuna tsintar shinkafa ko kina mata kitso, ba ma kallon ido, sai ki ce mata wata rana za ki ga jini a wandonki, ba ciwo bane, kowace mace na yi, nima ina yi, in kin gani ni za ki fara gayawa. Ki buɗe audugar mata ki nuna mata yadda ake liƙawa, tana canzawa duk bayan awa 4 zuwa 6, in ƙunzugu ne a wanke da sabulu a shanya a rana ya bushe sosai, ki sa mata guda ɗaya a jakar makaranta. Shekarar farko zuwa ta biyu jinin kan yi wasa, ya zo ya tsallake wata, kar hankalinku ya tashi. Babin haila da wanka malamar Islamiyya za ta ƙara mata, in bakinki ya kasa gaba ɗaya toh ki sa ƙanwarki ko goggonta, amma kina wajen.

Dan Allah abu ɗaya nake roƙonki, banda maganar nan ta "in namiji ya taɓa hannunki ciki za ki yi". Ba gaskiya bane, kuma yarinyar da aka tsorata haka ranar da wani ya taɓa ta da gaske shiru za ta yi don tana ganin laifinta ne. Ki gaya mata ƙirjinta da al'aurarta ba mai ikon taɓawa ko kallo, ko malami ne ko kawu ko mai shagon layinku, duk wanda ya ce kar ki gayawa Mama to shi ne na farkon faɗa, kuma ba za ki dake ta ba. Mafi yawan masu lalata yara mutanen da yaran suka sani ne. In wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, a garzaya asibiti cikin awa 72 saboda maganin kariya daga HIV, akwai cibiyar Salama a asibitin Gwamna Awan da ke Kakuri da aka ware don irin wannan.

Sannan ki leƙa asibitin sha-ka-tafi na kusa da ku ki tambayi rigakafin HPV mai kariya daga sankarar bakin mahaifa, tun 2023 aka fara yinsa kyauta a Najeriya wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, allura ɗaya ce, ki tambaya ko za a yi wa taki.