Ya buɗe shafi da suna irin na shagona, meye hukunci?

Tambaya: Salamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ina sai da atamfa da shadda a Kantin Kwari, shekara 4 kenan ina da shafin intanet da sunan shagona, to kwanan nan wani ɗan layinmu yaje yayi rajistar irin sunan, harafi ɗaya kawai ya ƙara, nawa .com nasa .com.ng, har wata Hajiya ta tura masa kuɗin turmi 6 tana zaton ni ne. Da na masa magana sai cewa yayi wai in ina so in saya. Yaran shago sunce in bari a yi masa kutse kawai.

Amsa: Wa alaikumus salam. Alhaji, sunan kasuwanci dukiya ne, Majma'ul Fiƙhil Islami, wato majalisar malaman fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988 ta tabbatar haƙƙi ne mai kima da bai halatta a taɓa ba. Amma fa kamannin suna kaɗai bai isa ace an zalunce ka ba, don in sunan irin su Albarka ne ko Alheri da kowane layi akwai shago uku masu shi, ba wanda ya gaje shi. Abin dubawa shine, yayi ne don a ɗauka kai ne? Yadda ka faɗa, ga kuɗin Hajiya ya karɓa yayi shiru, ga shi yana maka tallan sunan, wannan algus ne ƙarara, kuma Annabi (SAW) yace wanda yayi mana algus baya cikinmu, Muslim ne ya ruwaito. Sai dai ban ji ta bakinsa ba.

Kutse kam a'a, haramun ne, barna ba ta gyara barna, kuma kai za'a kama.

Fara da shugabannin layinku su zaunar da ku. In ya ƙi, tunda nasa .ng ne, ka kai ƙorafi wajen NiRA masu kula da sunayen .ng, ka haɗa takardar rajistar kasuwancinka ta CAC da ranar da ka buɗe naka shafin da hoton alat ɗin Hajiyar. Ka kuma sanar da kwastomominka adireshinka na gaskiya a WhatsApp, ba sai ka zage shi ba.

Batun saye, in ka ga yafi maka sauƙi ka biya don ka kauda cutarwa babu laifi a kanka, shi ne dai ya ci haram in don tatsarka ya yanki sunan. Wallahu a'alam.