Tambaya da Amsa: Me ya sa ake sake gasa ƙarfe bayan an murza shi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a jami'ar ATBU, a lakca an ce mana haɗin ƙarfe da ma'adinin kobal idan aka murza shi a sanyi sai an mayar da shi wuta kafin a sa shi a janareta. To meye amfanin wutar, kuma meye wannan tekscha ɗin da ake ta faɗa? Daga wani ɗalibi, Yelwa, Bauchi.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan Malam. Ka taɓa tsayawa kusa da mai murza taliya? Yadda kwaɓin ke bi ta tsakanin rodi biyu ya fito siriri, haka ake yi wa ƙarfen nan har ya zama falle. To shi ƙarfe a ciki ƙananan ƙwayoyi ne, kowacce da inda ta fuskanta, murzar sai ta miƙar da su ta sa yawancinsu su kalli gefe ɗaya kamar sahun sallah, wannan jeruwar ita ce tekscha. Kuma ba ado ba ce, don maganaɗisu ya fi bin ƙwaya ta wata fuskar fiye da wata.

Matsalar ita ce bayan murza ƙarfen ya sha wuya, ya yi tauri, maganaɗisu ba ya ratsa shi cikin sauƙi, wutar lantarki sai ta riƙa ɓata tana zama zafi. Shi ne ake gasa shi awa biyu zuwa huɗu a cikin iskar haidirojin, sababbin ƙwayoyi su tsiro su cinye waɗancan da suka lanƙwashe. Amma fa kar ka ɗauka wuta na goge komai, a'a, sababbin ma daga tsohon sahun suke gado, sai dai ya sauya kama, shi ya sa yawan murzar da aka yi tun farko yake da tasiri.

Haɗin da aka fi sani shi ne Permendur, kobal kashi 49 cikin ɗari, ƙarfe 49, wani ma'adini banadiyam 2. Gustav Elmen ne ya fito da shi a Amurka a 1929, banadiyam ɗin daga baya aka ƙara don ya murzu. Rigimammen abu ne wallahi, in ya huce a hankali ƙasa da digiri 730 na Selshiyos sai ya zama mai saurin karyewa, dole a tsoma shi ya huce farat ɗaya kafin murza. Gashin ƙarshe kuma wajen digiri 760 zuwa 870 ne, in ka zarce sosai tsarin cikinsa ya juya, ka yi asara.

Maganaɗisunsa na kai tesla 2.3 (tesla ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ne), na ƙarfen taransifoma wajen 2 yake tsayawa, shi ya sa ake sa shi a janaretan jirgin sama inda nauyi ke da tsada. Kobal kuwa yawancinsa daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo ake haƙo shi, ba araha, don haka kar ka je nemansa a janaretan gidanku.