Yaya zare mai tsawon mita goma yake shiga ƙwayar halitta ɗaya ta albasa?

Tambaya: Malam, ni ɗalibar lise ce a nan Maraɗi. Malaminmu na kimiyyar halitta ya ce zaren gado da ke cikin ƙwayar halitta ɗaya ta albasa ya fi tsawon ɗakinmu, kuma littafi ya zana kuromozom a murɗe kamar igiya. Da gaske ne, ko zane ne kawai? Hatsi ma haka yake?

Amsa: Ɗiyata, malaminku gaskiya ya faɗa. Zaren nan shi ne ADN, wanda ƴan Nijeriya suke kira DNA. Albasa tana da kuromozom 16, wato dunƙulen wannan zare, a kowace ƙwayar jikinta, kuma in aka warware su aka haɗa bakinsu, zaren zai zarce mita 10. Na ɗan Adam kusan mita 2 ne kacal. Siririntar zaren ce ta fara sauƙaƙa lamarin, don kaurinsa nanomita 2 ne, wato a raba milimita ɗaya gida miliyan a ɗauki gida biyu.

Amma siriri ma yana cukurkuɗewa. Duk wadda ta taɓa ganin tsohuwa tana kaɗi ta san ba a barin zare a zube, a jikin mazari ake naɗe shi. ADN kansa tufka ce ta igiya biyu, kamar yadda Watson da Crick suka bayyana a 1953. Wannan tufkar tana zagaya wani ƙulli na furotin guda 8 da ake kira histon, zagaye biyu saura kaɗan, harafin gado wajen 147 ke nan. Sai ta ɗan miƙe, ta sake zagaya ƙulli na gaba. In kin gan shi a hoton babbar na'urar ƙara girman abu sai ki ce carbi ne. Roger Kornberg ne ya fayyace wannan tsari a 1974.

Murɗin da kika gani a littafi kuwa sai ƙwayar ta tashi rabuwa biyu yake bayyana. Wani furotin mai suna kondansin yana kama carbin yana yi masa lanƙwasa-lanƙwasa, lanƙwasar kuma ta jeru tana kewaya tsakiya kamar yadda ake naɗa gammo, hawa kan hawa. Kafin a gama, tsawon ya ragu kusan sau 10,000. Dole ce ta sa. Za a ja kwafi ɗaya gabas, ɗaya yamma, kuma da zaren a sake yake sai ya sarƙe ya tsinke, sabuwar ƙwayar ta tashi da gado gutsure.

Abin da nake so ɗalibai su daina mantawa shi ne, wannan naɗaɗɗiyar siffar kuromozom mai kama da X ta ɗan lokaci ce. Da an gama rabuwa sai naɗin ya sassauta, domin ƙwaya ba ta iya karanta abin da ke ƙulle tam. Inda ake bukatar aiki a buɗe yake, inda ba a bukata a matse. Shi ya sa saiwa da ganye da fure suke da gado iri ɗaya amma kowa da kamarsa. Ni dai wannan buɗewa da rufewa ta fi murɗin kansa ba ni mamaki, kuma ina jin ciwon yadda ake koyar da zanen a tsallake ta.

Zancen ko zane ne kawai, a'a. A jikin tsiro mai fure ma aka fara ganin murɗin. A 1880 wani masani mai suna Baranetzky ya hango shi a ƙwayoyin da ke haifar da garin furen Tradescantia, saboda kuromozom ɗin wannan tsiro manya ne.

Hatsi ma haka yake, sai dai adadin kuromozom ya bambanta: hatsi 14, dawa 20, wake 22, gyaɗa 40. Kada yawan ya ruɗe ki. Gyaɗa da 40 ɗinta ba ta kai albasa tsawon zare ba ko kusa.

In kina son gani da idonki, ki sayo albasa ɗaya, ta Galmi ma ta yi. Ki ɗora ta a bakin kofi, gindinta yana taɓa ruwa. Bayan kwana 3 ko 4 fararen saiwoyi za su sauko. Ki yanki tsinin, kamar milimita 2, don nan ne ƙwayoyi suke ta rabuwa. Malaminku zai tausasa shi da ɗan asid, ya ɗiga rinin da ake kira asetokarmin, ya danne shi tsakanin gilashi biyu. A madubin ƙara girman abu na makaranta za ki ga jajayen sanduna, wasu sun jeru a tsakiya, wasu ana jan su gefe biyu. Murɗin kansa da wuya ya fito miki a wannan madubi, sai an yi wa ƙwayar wani shiri na musamman da ke sassauta naɗin. Amma in kika dace da ƙwayar da ta baje sosai, ki natsu ki ƙirga, 16 za ki samu.