Ɗana Ba Ya Kuka Ko An Zane Shi

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara 12 ko an zane shi ba ya kuka. Kwanaki salansar babur ta ƙona masa ƙafa, bai faɗa wa kowa ba sai mu muka gani. Yana cin zalin ƙannensa, ya taɓa ɗaure mage yana jifan ta. Maƙwabta na cewa irinsu ke zama 'yan sara-suka. Haka ne? Daga wata uwa, Gangare, Jos.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. A fara tantancewa: bai ji zafin ba ne, ko ya ji ya daure? Idan bai ji ba, matsalar jijiya ce, ba ta hali ba. Kuturta na kashe fata, akwai kuma wani ciwon gado da ba kasafai ake ganinsa ba, wanda aka gano tushensa a 2006 cikin wasu iyalai a arewacin Pakistan. Duba tafin ƙafarsa da harshensa da leɓensa: akwai gyambon da bai san da shi ba, ko tabon cizo? Kada a gwada shi da wuta ko allura a gida, wannan aikin likita ne.

Idan dauriya ce, hali na da hannu. Masu bincike kan sa mutum ya tsoma hannu cikin ruwan ƙanƙara su ƙirga daƙiƙu. Mai yawan fargaba kan cire da wuri, marar tsoro mai saurin faɗa kan daɗe. Sai dai alaƙar ba ta da ƙarfin da za a yanke wa yaro hukunci da ita. Saurayin da ke murmushi ana tsala masa bulala a filin sharo yana jin zafi sarai, kuma hakan bai mai da shi mugu ba.

Zancen magen ya fi damun mu. Abin lura shi ne ko zafin wani na taɓa shi: idan ƙaninsa ya fashe da kuka, jikinsa na sanyi ko kuwa dariya yake? Likitoci kan nemi aƙalla alamu 3 cikin wata 12, kamar zaluntar dabba, tsokanar faɗa, sata ko cinna wuta, kafin su ce yaro na da larurar ɗabi'a. Ba a ɗora wa mutum sunan babbar larurar, wato irin ta manya, sai ya kai shekara 18, kuma da yawa cikin irin waɗannan yara ba su kai can.

Ki ajiye bulalar. Yaron da ba ya tsoro duka bai gyara shi, sai ma ya koyi cewa mai ƙarfi ke da iko. Ki kafa doka 2 ko 3 kacal. Ya karya, a hana shi ƙwallo ranar, ba tare da tsawa ba. Ya taimaki ƙaninsa, a yaba masa nan take, domin irin waɗannan yara lada ta fi jan su. A kuma bincika aljihunsa da abokansa, tiramadol na dusashe zafi.

Ki rubuta abin da yake yi kullum tsawon mako 2, ki tafi da takardar sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) da ke Lamingo, ki kuma nemi a duba jijiyoyin ƙafar.