Amsa ga mai tambaya kan tsara gyaran jikin amarya

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya sanya alheri, ya nuna mana lokacin lafiya. Kin ce saura wata biyu bikin ƙanwarki, kuma kina son sanin lokacin da ya dace ta fara zuwa gidan gyaran jiki da yadda za a jera ayyukan. Na riƙe wannan hidima a bukukuwan danginmu a Kano, kuma abin da na lura da shi shi ne yawancin matsalar tana fitowa ne daga cusa komai a makon ƙarshe.

Ki ɗauki takarda ki rubuta ranakun kamu, sa lalle, ɗaurin aure, walima da kai amarya, sannan ki riƙa ƙirgawa baya daga ranar kamu, domin daga ranar ne idon jama'a zai fara sauka a kanta. Mai gyaran jiki da mai lalle da mai kwalliya kuwa a kama su tun yanzu, a ba da kafin alƙalami, a rubuta ranar da kuɗin da aka yi yarjejeniya a kai, musamman idan bikin ya faɗo a watan Sha'aban ko bayan sallah ko ƙarshen shekara, lokacin da ƙwararrun ba sa samun sararin numfashi.

Dilka, wadda muka samo daga Sudan ta hannun matan Maiduguri, ba aikin yini ɗaya ba ce. Ta fi yin kyau idan an fara ta mako biyu ko uku kafin biki, ana murza jiki a hankali, ana haɗawa da turaren jiki. Wajen dukhan, inda amarya take zama a kan kujera mai rami an lulluɓe ta da bargo hayaƙin itace yana ratsa ta, a tabbatar ɗakin yana samun iska, kuma idan tana da asma ko tana yawan jiri a bar shi gaba ɗaya, domin humra da turaren kaya sun isa su ba ta ƙamshi. Halawa, wato sukari da lemun tsami da ake dafawa a cire gashi da su, a yi ta aƙalla kwana huɗu ko biyar kafin kamu, saboda fata takan yi ja ko ta fitar da ƙananan ƙuraje, kuma tana buƙatar lokacin da za ta kwanta.

Inda nake so ki tsaya da ƙafafunki shi ne abin da ake haɗawa cikin kwaɓin. Ki tambayi mai gyaran ta nuna miki kayan kafin ta dama su. Kurkum da lalle da man zaitun duk mun san su, amma wasu suna zuba man bilicin a ɓoye don amarya ta yi fari cikin kwanaki kaɗan a yaba aikinsu. Irin waɗannan mayuka sukan ƙunshi sinadarai masu sa fata ta yi laushin da bai dace ba, ta riƙa ƙonewa a rana, kuma hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kansu. Na ga amaryar da fuskarta ta yi fari fat, gaɓoɓin yatsunta da gwiwoyinta suka tsaya baƙi, har mai lalle ta rasa yadda za ta ɓoye su. Duk sabon sabulu ko mai da ba ta saba da shi ba, kada ya taɓa jikinta a makon biki.

Lalle shi ne ya kamata ya zo bayan an gama dilka, in ba haka ba murzar za ta kwashe shi. Jan lalle yana ƙara nuna bayan kwana ɗaya ko biyu, don haka a yi shi ana saura kwana biyu ranar taro. Baƙin kuwa sau da yawa rinin gashi ne ake haɗawa, yana iya tayar da ƙaiƙayi da bororo bayan kwanaki, kuma zanen ya bar tabo. Idan rini ya taɓa ƙona ta, ta haƙura da shi. Wankin kai da kitso a yi su kafin lalle, a kuma roƙi makitsiya ta sassauta hannu, domin amaryar da za ta yini da ɗauri mai nauyi ba ta buƙatar ciwon kai.

Mai kwalliya a biya ta gwaji tun da wuri, a ɗauki hoto a waje da cikin ɗaki a ga ko hodar ta dace da wuyanta. A ranar taro amarya ta yi alwala ta yi sallah kafin ta zauna, kuma ta sani cewa farcen roba da jan farce suna hana ruwan alwala isa ga farce, abin da lalle ba ya yi. Ki ware mata ƙawa guda mai natsuwa wadda za ta riƙe mata waya da ruwan sha da abinci, ta kuma san lambar direban da zai ɗauke su daga wurin kwalliya zuwa wurin taro.