Shekarar da ke cikin littafi ba ita kaɗai ce shaidar bugun farko ba

Malam, ka ce ka samu littafin Chinua Achebe, Things Fall Apart, a cikin kayan mahaifinka, ka ga 1958 a bayan shafin suna, kana tambaya ko hakan ya isa shaida cewa bugun farko ne. Bai isa ba, kuma ni ma a nan na fara tuntuɓe. Shekarar da ke kusa da alamar haƙƙin mallaka tana nuna lokacin da littafin ya fara fitowa ne, kuma masu wallafa sukan bar ta ko da sun sake buga shi sau ashirin. Na taɓa ajiye wani littafi shekara biyu ina ji da shi, sai wata rana na kai shi bakin taga na karanta ƙananan rubutun ƙasan shafin, na tarar an jera shekaru huɗu na sake bugawa.

Saboda haka ka fara da jikin littafin. Kamfanin Heinemann ne ya fitar da bugun farko a Landan a 1958, da bango mai tauri da rigar takarda a kansa. Idan naka mai bango mai laushi ne, ruwan lemo, to na jerin littattafan marubutan Afirka ne, wato African Writers Series, wanda aka buɗe da wannan littafin a 1962. Idan kuma sunan McDowell, Obolensky ka gani, bugun Amurka ne na 1959, wanda shi ma yana da daraja, amma ba shi ne na fari ba. Lambar ISBN kuwa, wato lambar shaida da ake ba kowane bugun littafi, idan ka gan ta a naka, to ba bugun farko ba ne, domin ba ta wanzu ba a 1958, sai wajajen 1970 ta bazu.

Wani lokaci bayan shafin suna ba ya faɗin komai, sai a koma ga kurakuran ɗab'i, kuma wannan ne sashen da na fi so a harkar. A littafin labarin nan na Amurka, The Great Gatsby na 1925, kwafin da suka fara fita daga maɗaba'a suna ɗauke da "sick in tired" a shafi na 205, aka gyara shi a bugu na biyu, har kuskuren ya zama hatimin da masu tara littattafai suke nema. Irin wannan sani ba ya samuwa da hasashe, sai an kwatanta da kwafin da aka riga aka tabbatar.

Ina roƙonka kada ka liƙe yagewa da salatif, kada ka goge wani rubutu, kuma idan rigar tana nan, ko ta tsufa, kada ka yar da ita, domin sau da yawa ita ce ke ɗauke da mafi yawan darajar littafin. Ka ɗauko mana hoton shafin suna, da bayansa, da bangon gaba da baya, cikin haske mai kyau, mu duba tare.